Rasuwar Tsoho Mai Salatif a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ma ya fi baƙin cikin yawa a cikinta, Malam Falalu direba na gidan Hajiya Safina da ke Nassarawa GRA a Kano, a madadin kansa da mai ɗakinsa Hajara da dukkan 'yan majalisar gindin darbejiya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wani tsohon littafin wasan kwaikwayo, wanda kowa a layin ya sani da laƙabin Tsoho Mai Salatif. Ya rasu ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, a ɗakin wanki na gidan da ke kallon na Hajiya. Mai sanarwa yana roƙon duk wanda ya fara karanta wannan takarda ya daure ya kai ƙarshenta, ko da dariya ta kama shi a hanya. Mutuwar da ake sanarwa ta riga ta faru, babu mai dawo da ita. Amma akwai wata asarar da ke biye da ita, ta fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma ta riga ta iso ƙofar wani gida a Kaura Goje tana danna hon ɗin babur. Saboda ita aka zauna aka yi wannan rubutu.

Ba a san shekarar da aka haifi marigayin ba. Bangonsa ya rabu da shi tun kafin ya shigo hannun majalisa, shafin da ke ɗauke da sunansa da sunan wanda ya rubuta shi ma ya bi bangon. Abin da aka tabbatar shi ne ya yi aiki shekaru masu yawa a hannun Hajiya Safina lokacin da take koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma da ta yi ritaya ya yi ritaya tare da ita, ya zauna a kan kanta a ɗakin karatunta cikin mutunci. Bai bar wannan ɗaki ba sai da ɗanta Alhaji Nabil ya buƙaci wurin da za a jera batiran sola. A ranar aka zuba littattafan a kwali aka ajiye a bakin gareji, ana jiran mai kwasar shara.

Malam Falalu yana goge mota sai ya ji ƙarar sandar Hajiya a bayansa.

"Falalu, ka iya karatu ko?"

"Ina ɗan taɓawa, Hajiya. A aji biyu na sakandare na tsaya."

"Ya ishe ka. Ɗauki kwalin nan kafin su zo. Waɗannan ba littattafan ajiya ba ne, wasanni ne, baki suke so. Wanda ya gama ya miƙa wa na gaba. Kuma kada in ji an miƙa a shiru kamar kayan sata. Mai bayarwa ya karanta maganar mutum ɗaya, mai karɓa ya karanta ta ɗayan, sai an kai ƙarshen fitowa sannan a saki."

Wannan magana ta Hajiya ita ce ta zama dokar majalisa, kuma ba a taɓa karya ta ba har ranar da marigayin ya cika.

Wanda bai san GRA da yamma ba zai ɗauka babu mutane a cikinta. Katanga ce doguwa bayan katanga, da waya mai ƙaya a sama, da karnuka da ake jin muryarsu ba a ganinsu. Amma a bakin kowane get akwai mai jira. Direba yana jiran a kira shi, maigadi yana jiran hon, mai girki tana jiran lokacin ɗora tukunyar dare. A gindin darbejiyar da ke tsakanin gidan Hajiya da titi waɗannan masu jira suke haɗuwa bayan sallar la'asar: Malam Falalu, da Inuwa mai wanki da guga na gidan da ke kallon na Hajiya, da Baba Maigadi mutumin Katsina, da Gwaggo mai girki wadda ke kawo kujerarta ta zauna ɗan nesa, sai direbobi da masu ba fulawa ruwa na sauran gidaje, wanda duk aiki ya sake shi. A da hirar siyasa da tsadar masara ake yi. Da kwalin Hajiya ya zo, sai hira ta koma hannun marigayin.

Don amfanin wanda wataƙila ya taɓa haɗuwa da wani ɗan'uwansa a makaranta, ga abin da yake ɗauke da shi. Wa da ƙane ne suka gaji gida mai rijiya ɗaya. Suka yi faɗa, suka ja katanga a tsakani, sai katangar ta bi daidai ta kan bakin rijiyar, kowa ya ce tasa ce. Akwai wani dillali mai daɗin baki da ke zuga su don ya saye gidan duka. Akwai tsohuwa mai nauyin ji, wadda ita kaɗai ta ga ranar da aka haƙa rijiyar. Akwai kuma alƙali, mutum mai faɗa da tausayi, wanda duk lokacin da kotu ta rikice yakan daka tsawa da magana guda, wadda yau har yaran layin sun haddace ta.

Halayen marigayin na kirki ba sa ƙirguwa. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa data ta ƙare ba. Bai san babba da ƙarami ba wajen kwana: ya kwana a gaban mota mai sanyi, ya kwana a ɗakin maigadi kusa da tocila da carbi, ya kwana a kicin ɗin Gwaggo har manja ya yi masa tambari a tsakiyar shari'a. Wanda ya shinshina shi zai ji fetur da daddawa da turaren wuta, kowa ya bar masa nasa. Haƙurinsa kuwa sai wanda ya gani. Duk wanda ya yaga masa shafi sai ya sayo salatif ya ɗaure raunin, tun ana liƙa gefe har aka koma liƙa tsakiya, har ya zama babu ganye ɗaya a jikinsa da ba shi da ɗauri. Daga nan ya samo laƙabinsa, daga nan kuma ya samo muryarsa. In aka buɗe shi yakan ce ƙaras, in aka juya shafi ya ce ƙaras-ƙaras, kamar dattijo yana miƙe gwiwa zai tashi. Malam Falalu yakan ji wannan ƙara tun daga cikin gareji, ya san an fara.

Amma mafi girman alherin da marigayin ya yi a duniya, wanda saboda shi Malam Falalu ba ya iya cin abinci sosai tun Litinin ɗin makon jiya, shi ne abin da ya yi wa Ashiru.

Ashiru shi ne ɗan fari a wurin Malam Falalu da Hajara. Ya gama sakandare, ya zana jarrabawar shiga jami'a, gurbi bai samu ba. Ya sake zanawa, bai samu ba. Daga nan zama ya kama shi. Mahaifinsa yana fita aiki tun da sassafe, ba ya sanin abin da yini ya yi da ɗansa. A bayan layinsu a Kaura Goje akwai wani kango da mai shi ya kai ginin linta ya bari, samari suna taruwa a ciki daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Wani daga cikinsu mai babur ya riƙa zuwa ƙofar gida, ba ya sallama, hon kawai yake dannawa, Ashiru ya saka takalmi ya fita. Sai ya fara dawowa ido jawur, magana tana jan ƙafa a bakinsa, yana dariya a inda babu abin dariya. Ranar da Hajara ta ciro kwalbar maganin tari daga aljihun wandonsa, alhali babu mai tari a gidan, sai ta ɗora kwalbar a kan takalmin mijinta don ya gani da idonsa. An yi faɗa. An yi nasiha. An kai shi wurin malami, an kai shi koyon gyaran waya ya yi 'yan kwanaki ya gudo. Malam Falalu ya kai inda in yana tuƙi ya hango taron mutane a gefen titi sai ya taka birki, ya leƙa ya ga ko ɗansa ne a ƙasa.

Ana cikin haka layin karatu ya zagayo kan Malam Falalu a wata Lahadi da ba ya aiki. Ya zauna a tsakar gida da marigayin a cinya, yana bin layi da yatsa, yana karantawa a fili yadda Hajiya ta ce. Ashiru na kwance a tabarma ya juya wa duniya baya.

"A... a zau-na," in ji Malam Falalu. "Ba a yi wa ri-ji-ya..."

"Baba, don Allah," in ji Ashiru, bai ko juyo ba. "Alƙali ne fa yake magana, ba mai neman aiki ba."

"To kai da ka iya, zo ka yi mana."

Ashiru ya tashi da niyyar ya nuna wa tsohonsa iyakarsa. Ya karɓi littafin, littafin ya ce ƙaras. Ya duba shafin, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gira, sai wata murya da babu wanda ya san yana da ita ta fito daga ƙirjinsa:

"A zauna! Ba a yi wa rijiya shari'a a tsaye!"

Kajin maƙwabta suka watse. Hajara ta saki ludayi a tukunya tana dariya har da hawaye, ita da ta daɗe ba ta yi dariya a gaban ɗanta ba. Malam Falalu ya karanta dillali da tuntuɓe, Ashiru ya karanta alƙali, har suka kai ƙarshen fitowar. Sannan uban ya naɗe hannu ya ce, "To, ka karɓa ke nan. Doka ta hau kanka. Gobe da la'asar kai za ka miƙa wa Baba Maigadi, kuma ba a miƙawa a shiru."

Washegari mai babur ya zo ya danna hon ya gaji. Ashiru yana gindin darbejiya.

Abin da ya biyo baya ba dabarar kowa ba ce, Allah ne Ya tsara. 'Yan majalisa yawancinsu idonsu ya yi rauni, wasu kuma karatun boko bai zauna musu ba. Da suka ji muryar Ashiru, sai kowa ya ce ba zai karɓi littafi ba kuma ba zai miƙa ba sai yaron Falalu na wurin. Gwaggo ta riƙe tsohuwa mai nauyin ji, ta ce ai ba sai ta yi wani kwaikwayo ba. Inuwa da wani direba suka zama wa da ƙane, har suna gaba da gaske in an tashi. Aka gama wasan aka sake farowa, aka kuma sakewa, babu wanda ya gaji, domin kullum Ashiru da sabuwar muryar da zai zo da ita. Ta haka aka wayi gari duk inda littafin yake, nan Ashiru yake. Malam Falalu ko yana tsakiyar cunkoso a hanyar asibiti, in la'asar ta yi ba ya buƙatar kiran waya. Sai kawai ya tuna hannun wa Tsoho yake yau, zuciyarsa ta kwanta. Idon yaron ya washe. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Ya fara maganar sake zana jarrabawa. Mai babur ya rage zuwa, ya rage, har Hajara ta manta da ƙarar hon ɗinsa.

Wannan shi ne marigayin da aka rasa. Ga kuma yadda ajalinsa ya zo.

Ranar Lahadi da yamma hadari ya taso daga gabas ana tsakiyar shari'a, majalisa ta watse a guje. Littafin yana hannun Baba Maigadi. Daidai lokacin maigidansa ya danna hon, Baba ya ajiye Tsoho a kan benci da niyyar ya buɗe get ya dawo. Da ya buɗe sai aka ce ya kawo lema, da ya kawo lema sai aka ce ya shigar da kaya. Kafin ya tuna, ruwan sama ya yi abin da zai yi. An ɗauko marigayin ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, ganyayensa sun yi laushi, ya daina ƙaras, ya daina komai. Duk da haka yana da rai. Ana iya buɗe shi a hankali, rubutunsa yana nan. Malam Falalu ya so a shanya shi ganye-ganye in rana ta fito, amma gari ya wayi a lulluɓe, kuma kowa yana tsoron kada la'asar ta yi Ashiru ya zo babu abin karantawa.

Sai Inuwa ya ce, "Ku bar min shi. Tun ina saurayi nake gyara abin da ruwa ya ɓata. Takardar shaidar makarantar Oga ma da rufi ya yi yoyo a kanta ni na goge ta, ga ta can a jikin bango har yau."

Babu wanda ya musa, domin a duk layin babu mai hannun Inuwa. Rigar da ya goge ana gane ta daga nesa.

An ɗauke wuta a safiyar, don haka ya hura gawayi ya cika tsohon dutsen guga, irin wanda ba a rage masa zafi. Ya buɗe littafin ya ga ganyayen sun yi lakwas kamar tsumma. A ilimin Inuwa kuwa, abin da ya yi lakwas maganinsa ɗaya ne. Ya jawo kwanon sitaci, ya bi marigayin shafi-shafi yana yayyafa masa da yatsu cikin ladabi, yadda yake yi wa shaddar Juma'a, don kowane ganye ya tsaya da ƙafarsa. Sannan ya rufe shi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai, ya ɗora dutsen ya danna da dukkan nauyinsa. Ya juya shi ya sake dannawa, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Mai ba fulawa ruwa da ke wajen taga ya ce ya ji marigayin ya yi tsss mai tsawo, sannan wasu ƙananan ɗas-ɗas daga cikinsa, sai warin ƙonanniyar leda ya tashi. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Salatif ɗin da masoya suka yi shekaru suna ɗaure masa rauni da shi ya narke, ya haɗu da sitaci, suka riƙe kowane shafi da ɗan'uwansa.

Gaskiya ita ce marigayin bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ya fito sumul, gefensa a miƙe, kusurwarsa da kaifi. Sai dai ba ya buɗuwa. Ya zama abu guda kamar allo.

Inuwa ya kawo shi gindin darbejiya a hannu biyu, idonsa ya ciko. "Wallahi Malam Falalu, so na yi ya fito kamar ango."

"Ai ya fito," in ji Gwaggo. "Allah dai Ya sa kada jikana ya jiƙe a gabanka."

Iyalan marigayin sun yafe wa Inuwa duniya da lahira, sun kuma yafe wa Baba Maigadi, wanda hon ya fi ƙarfinsa kamar yadda ya fi ƙarfin kowa a layin. Ana roƙon direbobi su daina ɗaga kwalar rigarsu don tsokana in Inuwa zai wuce. Mutumin bai ƙara zama a benci ba tun ranar.

Da la'asar Ashiru ya iso da fara'arsa, yana gyara murya tun daga kwana. Babu wanda ya iya yi masa bayani, sai aka miƙa masa kawai, a shiru, karo na farko tun da aka kafa dokar. Ya sa farce, bai shiga ba. Ya karɓi wuƙar Gwaggo ya zura a hankali, wani ɓangare ya ɓalle, rubutun shafi biyu ya taso a cakuɗe, babu kalma ɗaya da za a iya karantawa. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi dariya, dariyar da Malam Falalu ya sani, irin ta da ce, wadda babu abin dariya a cikinta.

"Shi ke nan, Baba," in ji Ashiru. "An tashi kotu."

Ya ajiye gawar a kan benci ya tafi. Bai sake takowa GRA ba.

Marigayin ya bar 'yan'uwa da suka fito kwali ɗaya, amma babu mai iya ɗaukar nauyin gidan a cikinsu. Ɗaya an rubuta shi da Turancin mutanen da, wanda Ashiru kansa ya ce yana karya haƙori. Ɗaya gara ta cinye masa tsakiya, ana barin mutane suna neman aure sai a same su suna rabon gado. Ɗaya kuma wani maigadi ya tafi da shi ƙauye noma tun bara, shi da littafin babu wanda aka sake jin ɗuriyarsa. Ya bar Hajiya Safina, uwar goyonsa, wadda ita kaɗai ta san sunansa na gaskiya, amma tana Abuja wurin 'yarta tun da ciwon shanyewar jiki ya riƙe mata harshe, Allah Ya ba ta lafiya. Da aka tambayi Alhaji Nabil, cewa ya yi ai shi ya ɗauka tuni an ƙone su.

Malam Falalu bai zauna ba. Ya roƙi izini ya shiga kasuwa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ya bi su rumfa-rumfa.

"Sunan littafin, Malam?"

"Ban sani ba."

"Wa ya rubuta?"

"Shi ma ban sani ba."

"To bangon wane launi ne?"

"Ba shi da bango. Amma akwai rijiya a ciki."

"Allah Ya ba da sa'a, Malam. Matsa wa mai saye."

Duk wannan lokaci gawar tana gaban mota a naɗe cikin ƙyalle. Baba Maigadi ya yi ta faɗa cewa ba a jinkirta mamaci, Malam Falalu yana ba shi haƙuri, don yana ganin muddin ba a binne ba kamar maganar ba ta ƙare ba. Amma kwanakin ba su jira shi ba. Hajara ta ce ran Alhamis ta ji hon a ƙofar gida, ta gane shi tun kafin ya yi na biyu. Ashiru bai fita ba a ranar, ya dai tashi zaune. Ran Asabar ya fita, ya ce zai je ya dawo. Shekaranjiya kuma, Malam Falalu ya ɗauko matar Alhaji Nabil daga unguwa, hanya ta bi da su ta Kaura Goje daidai la'asar, ya hango ɗansa a bakin kangon nan. Ba a ciki yake ba. A tsaye yake a bakin ƙofa, hannu a aljihu, wani daga ciki yana yi masa magana. Uwar ɗaki tana bayan mota tana waya, direba ba ya tsayawa sai an ce ya tsaya. Malam Falalu ya wuce yana kallon madubi har kwana ta ɓoye masa shi.

Don haka aka tsayar da jana'iza kamar haka, in Allah Ya kai mu.

Za a binne marigayin ranar Juma'a mai zuwa bayan sallar la'asar, a gindin darbejiyar da ya yi wa hidima. Ba za a jefa shi a bola ba, domin mutanen cikinsa suna ambaton sunan Allah a kusan kowane shafi, kuma limamin masallacin layi ya ce a sa shi a ƙasa mai tsabta. Ba za a yi masa salla ba, takarda ce, kada wani ya ɗauka ana wasa da addini. Mai ba fulawa ruwa zai haƙa ramin. Inuwa ya roƙi a bar shi ya kawo farin ƙyallen da za a naɗe shi, ya kuma rantse babu sitaci. Gwaggo za ta dama kunu. Masu motoci su yi haƙuri su ajiye nesa da get ɗin mutane.

Kafin a sa shi a rami, majalisa za ta yi wasan gaba ɗaya da ka, kowa ya faɗi abin da ya riƙe. An gwada jiya an ga inda aka tsaya. Gwaggo ta riƙe nata, wa da ƙane sun riƙe zage-zagensu, Malam Falalu ya riƙe rabin dillali. Amma babu wanda ya riƙe alƙali, babu wanda ya san yadda fitowa take bin fitowa, babu mai iya kawo hukuncin ƙarshe yadda yake a rubuce, sai mutum ɗaya. Duk abin da ya rage na Tsoho Mai Salatif a duniya yana cikin kan Ashiru. Za a ajiye masa kujerar alƙali a tsakiya, babu mai zama a kanta. An kuma tanadi sabon littafin rubutu mai kauri da biro, domin in ya yarda ya riƙa faɗa yana rubutawa, 'yan majalisa suna yi masa gardama a kan kowane layi, aikin zai ci la'asar masu yawa, kuma Malam Falalu ba ya fatan a yi saurin gamawa.

Ya faɗa wa yaron wannan da safe suna shan koko. Ya ce masa Juma'a, ya ce masa bayan la'asar, ya ce masa kotu ba ta zama babu alƙali. Ashiru bai ɗago kai daga kofi ba. Ya ce, "To, Baba." Irin wannan amsa yake bayarwa in zai yi abu, irinta kuma yake bayarwa in ba zai yi ba.

Masu son yin ta'aziyya kada su kawo komai sai abu ɗaya. Duk wanda ya gane wasan rijiyar nan, ko yake da wani tsohon littafin wasan kwaikwayo na Hausa a ƙasan akwati ko a kan kanta yana shan ƙura, ko bango babu, ko da salatif, ya kawo shi gindin darbejiya ya tambayi Falalu direba. A zo da shirin karanta fitowa ɗaya, don ba a karɓa a shiru. Wanda kuma ya san Ashiru, in ya gan shi a hanya ranar Juma'a, kada ya yi masa faɗa. Ya ce masa kawai ana jiransa.

Har zuwa lokacin da aka rufe wannan sanarwa, ba a san sunan marigayin na gaskiya ba, ba a san ko akwai wani irinsa da ya rage a Kano ba. Malam Falalu bai san inda ɗansa zai kasance yau da la'asar ba, kuma bai san ko ranar Juma'a za a sami wanda zai ce a zauna ba.